Allurar Hanta da Maganar da Na Haɗiye

Tun da na fara wannan rubutu nake kewaye shekarar da Ummarku ta yi allurar hanta. Na ba ku labarin koyarwata a Gazara, na ba ku na gonar raken da na gada, har jakin kakanku sai da ya samu shafi biyu, duk don kada in iso nan. To, yau ba sauran inda zan ɓuya. Ku duka biyar nake wa magana, amma Safiya ta fi kowa haƙƙi a kan abin da zan faɗa, don ita ce babba, kuma a kanta abin ya ƙare. Kun taso kuna jin cewa Ummarku Hajara ta taɓa samun taɓin hankali, ta fasa wa 'yarta goshi da muciya, ta kore ta zuwa Paki. Muciyar gaskiya ce, Paki ma gaskiya ce. Taɓin hankalin ne babu shi, kuma ni kaɗai na san haka a gidan.

Soja ne ke mulki lokacin, a shekarun nan na ƙarshe da komai ya tsaya cak. Albashin malamai sai ya ga dama yake zuwa, man fetur sai a galan a bakin titi, kananzir kuwa sai wanda ya san wani. Babur ɗina na jingine shi a zaure har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa, na koma kan keke. A cikin wannan hali idon Ummarku ya koma ruwan ɗorawa. Kowa ya ce shawara ce, kowa kuma ya zama likita. Aka jiƙa mata rawaya, aka hana ta mai da nama, aka ce ta yi ta shan rake, mu kuwa rake ne kaɗai abin da ba mu taɓa rasawa ba. Idon ya washe, muka yi murna. Bayan 'yan watanni ya dawo, ga kasala, ga wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Sai na ce jiƙo ya yi iyakarsa, mu tafi Zariya.

Likitan da ya duba ta ɗan kudu ne, mutum mai natsuwa, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da tambayar inda ke ciwo ba. Ummarku kuwa allo ta yi, ba ta yi boko ba. Don haka ni ne tafinta. Na zauna tsakaninsu ina hura hanci, malamin Turanci na firamare ya samu inda zai nuna kansa. Bayan an auna jini sau biyu, likita ya ce ƙwayar cuta ce ta zauna mata a hanta, irin wadda suke kira ta B, ta daɗe tana cinta a hankali. Ya ce a raba reza da abin yankan farce a gidan, a kawo mu duka a auna. Ya ce akwai wata allura mai suna intaferon, ana yinta sau uku a mako har wata huɗu, tana kwantar da cutar ga wasu, ga wasu kuma ba ta yi. Sannan ya ajiye alƙalaminsa ya lissafa mini abin da allurar ke zuwa da shi: zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon gaɓoɓi, rashin son abinci, zubewar gashi. Na ƙarshen ya nanata shi har sau biyu. Ya ce wasu takan taɓa musu zuciya, su shiga baƙin ciki ba dalili, su yi ta fushi, wani ma har ya ji rayuwar ta ishe shi. Ya ce in mun ga alamar haka mu dawo nan take, za a rage ta ko a tsayar. Ya ce in gaya mata duka.

Hajara ta ja hannun rigata.

"Malam, me ya ce? Na ga maganar ta yi tsawo."

"Ya ce za ki yi zazzaɓi da ciwon jiki, gashi kuma zai ɗan zube. Ya ce ki daure."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ina da dalili, kuma a ranar dalilin ya yi mini kyau. Na farko, a wajenmu ba a zaunar da mara lafiya a jero masa masifun da ke gabansa. Maigida ake gaya wa, ko babban wa, shi ya tace ya ba shi abin da zai iya haɗiya. Haka aka yi wa mahaifina har ya rasu bai san sunan ciwonsa ba, kuma kowa ya ce mun kyauta. Na biyu shi ne kakarku ta wajen uwa, wadda ba ku sani ba. Ta samu taɓin hankali bayan haihuwar autanta, Hajara tana 'yar shekara tara. Da idonta ta ga an ƙwace jariri daga hannun uwarta a bakin rijiya, da idonta ta ga an sa mata mari a ƙafa. Tun muna sabon aure ta gaya mini babu abin da take tsoro a duniya kamar ta gaji wannan ciwo. Sai na ce a raina, in na ambaci zuciya da baƙin ciki, wallahi ba za ta yarda allurar ta taɓa ta ba. Ga shi yayanta Alhaji Sule, mai fatauci tsakanin Kano da Jidda, ya riga ya ɗauki nauyin samo ta. Na ga kamar ina kare ta ne daga tsoronta.

Maganin ya iso a cikin filas cike da ƙanƙara, don ba ya son zafi. Muka ajiye shi a firji mai kananzir na asibitin sha-ka-tafi da ke kusa da mu. In kananzir ɗinsu ya yanke, sai in juye na fitilarmu in kai. Mai yin allurar ita ce Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a cikinmu har ta fi ni iya baƙar magana da Hausa. Litinin, Laraba da Juma'a nakan ɗauko Ummarku a bayan keke da safe, a ba ta farasitamol, a tsira mata allurar a cinya, mu koma gida. Kafin azahar ta fara karkarwa, a lulluɓe ta da bargo biyu ana tsakiyar zafi. Watan farko duk abin da likita ya faɗa ya zo, kuma ta daure, har tana tsokanata wai na kai ta Zariya an sayo mata zazzaɓi mai tsada alhali ga na sauro kyauta a gida.

Ku ƙananan ba ku san Ummarku ta kafin wannan shekara sosai ba. Mace ce mai surutu da dariya, in tana daka har maƙwabta sun san waƙar da take yi. A wata na biyu wannan matar ta ɓace. Sai ta zauna ta zuba wa bango ido, tankaɗe na gabanta ba ta taɓa ba. Sai ka ga hawaye na zuba, ka tambaye ta, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ƙarar cokali a kwano tana tayar mata da hankali. Barci ya ƙaurace mata, abinci sai an yi da gaske. Na ga abin, na kuma gane shi tun ranar farko, don an kwatanta mini shi tiryan-tiryan. Na yi ta ƙirga makonnin da suka rage ina cewa ai an kusa cin rabi.

Wata Laraba Sista Rifkatu ta ce Hajara ta jira a benci, ta kira ni ciki ta turo ƙofa.

"Malam, ka karanta takardar da ke cikin kwalin allurar nan?"

"Na karanta, Sista."

"To ka san abin da ke damun matarka. Ka gaya mata?"

"Saura mako bakwai. In ta ji za ta daina, wahalar da aka sha ta tashi a banza."

"In ta daina ai jikinta ne. Ka bar ni ni in gaya mata, mace da mace."

"Ban yarda ba. Iyalina ne, ni na san yadda zan bi da su."

Ta dube ni ta ce in yi haƙuri, amma bokona bai yi mini rana ba. Ba ta iya tsallake ni ta shiga tsakanina da matata ba, baƙuwa ce a garin, ta san iyakarta. Abin da ta iya shi ne ta rubuta wa likita wasiƙa ta ba ni in kai ranar awon jini, ta ce daga nan sai abin da ya ce. Na karɓa na sa a aljihun gaba. Da muka je Zariya likita ya tambayi yadda take barci da yadda zuciyarta take. Na juya mata tambayar rabi-rabi, na ce yana tambayar jiki. Ita kuwa ta ɗago kai ta dube shi, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, ka gaya masa zuciyata ta yi baƙi. Ka ce masa ba na jin daɗin komai, ko 'ya'yana ba na son jin motsinsu."

Na juya na ce wa likita da Turancina mai kyau tana fama da gajiya, amma tana samun sauƙi. Ya yi murmushi ya ce ta yi ƙoƙari, a ci gaba. Wasiƙar tana aljihuna har muka dawo, na ce wa Sista likita ya gani ya ce ba komai. Na yi wa mutum uku ƙarya a rana ɗaya, ni da nake dukan yara a aji saboda ƙarya.

Abin ya faru wata Juma'a bayan la'asar. Safiya, kina da shekara goma sha biyu, ke ce ke riƙe da gidan tun da ta kwanta. Kin zauna kina tsefe mata kai a tsakar gida, kusa da murhu, sai gashi ya biyo mataji dunƙule guda. Na san tsoro ne ya sa ki dariya, yara kan yi haka. Kika ce Umma ta kusa kamo Baba a sanƙo. Ina zaure ina gyaran keke na ji ƙarar. Kafin in shigo jini ya rufe miki ido ɗaya, muciya na hannunta, tana faɗin maganar da na san har yau tana kunnenki, cewa da ma ba ta haife ki ba. Na ɗauke ki na kai wa Sista ta yi ɗinki huɗu. Ko kallona Sista ba ta yi ba har muka fita.

Da na dawo na tarar da Hajara zaune a inda na bar ta, ta ɗora hannuwanta a cinya tana dubansu. Ba ta kuka. Kun san saboda kunyar 'yar fari ba ta taɓa kiran sunan Safiya ba, sai dai ta ce yarinyar nan.

"Malam, ya zo. Ciwon Inna ya zo."

"Ki daina faɗar haka, Hajara."

"Na san shi, na gan shi tun ina ƙarama. Haka ta fara. Ka ɗauke yarinyar nan ka kai ta Paki wajen Yaya Ladi. Ita ce kullum kusa da hannuna, ita nake kira, ita nake sa aiki. Yau goshi ne, ban san gobe ba. Ƙananan kuma ka ɗauko Iyarka ta zo ta zauna da su, kada a ƙara barina da yaro ni kaɗai."

Maganar da za ta warware komai ba ta da tsawo. In ce mata allura ce, ba ciwon Inna ba ne, likita ya faɗa, in an daina zai wuce. Ta zo mini har baki. Amma na san tambayar da za ta biyo baya: tun yaushe ka sani? Daga nan jinin da ke goshin yarinya ya tashi daga hannunta ya dawo nawa, a gaban Alhaji Sule, a gaban mahaifiyata, a gaban garin da ke kirana Malam. A wannan yammacin dalilina ya canza ban ko lura ba. Da ina ɓoyewa ne saboda ita, daga ranar na koma ɓoyewa saboda kaina. Na ce mata to, yadda ta ce haka za a yi.

Washegari da safe muka kama hanyar Paki wajen yayata Ladi, Goggonku. Ummarku ba ta fito ba. Ita ta ɗaure kayan da hannunta a ɗaki, kuma atamfar nan shuɗiya da kika samu a ƙasan ƙullin, wadda na ce miki ni na saya, tata ce, ba ta taɓa ɗinka ta ba. Ta ce kada in ce daga gare ta take, wai kada ki ji ƙyamar ɗaurawa. Mun daɗe a tasha kafin a samu motar da ke da mai. Kina zaune a gefena da bandeji a goshi, sai da muka wuce Ikara kika yi mini magana.

"Baba, in na ba ta haƙuri za ta bari in dawo?"

"Sai ta warke."

"Ba da gangan na yi dariyar ba."

"Na sani."

An gama allurar a kan lokacinta, ko ɗaya ba a tsallake ba, abin da na yi ta alfahari da shi ke nan. Bayan kamar mako uku na ji Hajara tana waƙa a bakin turmi. Gashi ya fara tohowa, abinci ya dawo. Mutane suka ce rubutun da liman ya yi ta ba ta ne ya kori abin, ita ma haka ta ɗauka, ni kuma na taya su cewa Allah ya amsa. Likita ya auna ya ce cutar ta kwanta, kuma gaskiya ta samu shekara goma sha biyu bayan nan tana harkokinta. Ba allurar nake zargi ba. Ta yi aikinta, kuma wanda ya rubuta ta ya faɗi sharrinta tun kafin a fara, ya faɗi mafita. Yanzu da ɗan'uwanku Aminu yake shan ƙwaya ɗaya kullum saboda cutar nan, na ji ana cewa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Duk da haka abin da nake gaya wa matarsa shi ne ta shiga wajen likita tare da shi ta ji da kunnenta, shi ma in tata ta taso ya bar ta ta ji da nata.

Na zaci in ta warke maganar za ta gyara kanta. Sau uku ina cewa a dawo da Safiya, sau uku tana ƙi.

"Barci ciwon yake yi, Malam. Na Inna ma haka yake, ya tafi shekara biyu ya dawo. Tana can lafiya, a bar ta. Gara ta ƙi ni tana da rai."

Duk shekarar da ta wuce sai faɗar gaskiyar ya ƙara nauyi, don yanzu ba wata biyu zan amsa laifinsu ba, shekaru ne. Safiya takan zo da Sallah ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida ta, Hajara ta amsa tana kallon gefe, 'yar ta ɗauka ƙiyayya ce, uwar kuwa tsoron hannunta take yi. Daga Paki aka yi aurenki, Goggo Ladi ce ta zauna a matsayin uwa. Ranar da aka canza wa Sista Rifkatu wurin aiki na je yi mata sallama, tana ɗaure kaya. Ta ce, "Malam, har yanzu?" Na ce mata Allah ya kiyaye hanya.

Da ciwon hantar ya dawo, ya dawo da ƙarfi. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka kumbura, asibiti suka ce mu koma gida. Ranar da za ta rasu, da hantsi, an riga an aika wa Safiya, tana hanya da goyonta. Hajara ta sa aka fitar da kowa, ta ce in matso. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya.

"Malam, shekarar nan da na haukace muku, ka yafe mini. Ka sha wahalata, ka ɗauke ni a keke, ka rufa mini asiri, ko sau ɗaya ba ka taɓa goranta mini ba."

Ta numfasa, ta ci gaba.

"Yarinyar nan kuma ka ce mata... a'a, bar shi. In ba ta yafe ba, ba ta da laifi."

Tana kallona tana jira. Lokaci na nan, hankalinta garau yake, babu kowa a ɗakin sai ni da ita da Allah. Na buɗe baki, na ji abin da ya fito.

"Na yafe miki, Hajara."

Ta ce alhamdu lillahi, ta lumshe ido kamar wadda aka sauke wa kaya. Kafin azahar ta cika. Motarku ta iso ana yi mata wanka.

Safiya, shekara goma sha biyu uwarki ta yi tana gadin wani ciwo da ba ta da shi, ta raba kanta da ke don kada ya taɓa ki, ta tafi kabari tana neman gafarar wanda ya cuce ta. Ba ta kore ki ba, kuma maganar da ta faɗa a bakin murhu ba tata ba ce. Ita ba zan iya gaya mata ba yanzu, na bar lokacin ya wuce da sanina. Ke ce kika rage. Abin da kika riƙe a zuciya tun kina 'yar sha biyu, ki sauke mata shi, ba nata ba ne. Nawa ne, kuma ina nan da raina a gidan da aka fitar da ke.